In sayar da keken ɗinkina don maganin mijina?

Anti, don girman Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Mijina direban bas ne. Wata takwas ke nan da ya yi haɗari, fasinja biyu suka rasu. Shi ko ƙwarzane bai samu ba, amma wallahi mutumin da ya dawo mini gida ba shi ba ne. Wuni yake yi yana kallon bango. In mota ta yi oda a layinmu, sai jikinsa ya hau rawa.

Asibitin gwamnati sun ce mu dawo bayan wata huɗu. Ganin yana neman lalacewa a hannuna, na kai shi na kuɗi. Likitar tana zama da shi duk mako, ga magani. Alhamdulillahi ya fara cin abinci, har ya ɗauki autarmu ya yi mata wasa. Ranar sai da na shiga banɗaki na yi kukana.

To, Anti, na ƙare. 'Yan kunnena sun tafi, firji ya tafi, saura keken ɗinkin da nake ci da mu da shi, har an taya. Yayansa ya ce haukar ni nake yi, ina biyan kuɗi don a yi hira da mutum. Shi kuma maigidan ƙarya na yi masa, na ce ƙungiyar direbobi ke biya. Shekaranjiya ya ce da babu shi da mun huta. Tun lokacin hankalina bai kwanta ba. In sayar?

Matar Direba

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya. Abu na farko, maganar da ya yi shekaranjiya ba ta jira ba ce. Kira likitarsa yau ki faɗa mata yadda ya faɗa, kuma kada a riƙa barinsa shi kaɗai.

Keken kuwa, kada ki sayar. Kuɗinsa zai kai ku wata ɗaya ko biyu, daga nan ba magani, ba abinci. Ki cire kunya ki gaya wa likitar inda ƙarfinki ya tsaya. Tambaye ta ko za a rage yawan zuwa, ko akwai irin maganin mai sauƙin kuɗi, ta kuma rubuta muku takarda zuwa asibitin gwamnati. Amma kada ku tsayar da magani da kanku.

Yayan nasa bai ga abin da kika gani ba. Roƙe shi ya raka ku sau ɗaya, ya ji daga bakin likita; ƙaninsa ne, nauyin har da shi. Ƙungiyar ma ki je da gaske ki nemi taimako. Gaskiyar kuma ki faɗa wa maigidan a gaban likita, kafin ya ji a bakin wani.

Kin yi iya yinki, yanzu ki bari a kama miki. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.