A Bayan Lorna

Mama, ina gaishe ki. Yaya ƙafar, yaya su Chayo? Ni lafiya lau, sai ɗan tsamin jiki.

Ran Lahadi na bi masu keken garin Tillamook zagaye, daga bakin teku zuwa daji mu dawo. A nan kowa kan fake bayan wani saboda iska. Na ji kunyar fakewa bayan wata a cikinsu mai suna Lorna, don sa'arki ce. A hawan dajin ƙafafuna suka mutu, ga gida da nisa.

Lorna ta ce, "Kai ɗan taurin kai, iska ba ta san ladabi ba. Manne da tayar kekena."

Haka ta jawo ni har gari. Rabona da fakewa a bayan wani tun ina goye a naki. Ki sa ta a addu'a.

Ɗanki, Eusebio