Gurbin Baba a Sahun Gaba

Galma, ranar Lahadi bayan La'asar.

Zuwa ga yayana Yaƙubu, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Allah Ya ƙara buɗi, Ya tsare ku a ƙasar mutane. Mu nan lafiya lau, sai gajiya, ita kam ta zama 'yar gida. An gama dashen albasa a garka, rijiya kuma ba ta ja baya ba tukuna. Ƙanwarmu Dije ta zo daga Buza ta kwana uku ta koma. Matata Cima tana nan, hannuwanta duk sun tsage da wankin kayan Baba. Na ba Sufyanu mai rakiyar motar albasa wannan takarda ya damƙa maka hannu da hannu, domin saƙon murya ba ya riƙe sirri. Kafin ka gama saurare, rabin 'yan garinmu da ke can sun ji.

Yaya, maganar Baba ce, da umarnin da ka aiko cewa a daina kai shi masallaci. Na san yadda labarin ya iso maka, da gishirinsa da yajinsa, kuma na san kunya ce ta kama ka a gaban mutane. Ba zan ɓoye maka ba, yawancin abin da ka ji gaskiya ne. Ruɗewar tsufa ta ci ƙarfinsa tun bayan damina. Yakan yi sallama a raka'a ta biyu ya zauna yana kallon jama'a. Ran nan ana tsakiyar Azahar, masallaci tsit, ya ɗaga murya yana tambaya ko an ba jakinsa ruwa, jakin da ya mutu tun ina lakwal, makarantar boko. Samari suka kasa riƙe dariya. Sau biyu kuma fitsari ya kufce masa a kan tabarma, ni na naɗe ta na fita da ita kowa yana kau da kai.

Malam Mahfuzu, sabon limaminmu, ya same ni a garka ya yi mini magana cikin ladabi, kada wani ya ce maka ya wulaƙanta mu. Ya ce wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, babu salla a kansa, babu laifi in ya zauna gida, kuma tsarkin masallaci hakkin kowa ne. Ban iya musa ko ɗaya ba. Saƙonka ya zo a makon, na ce to, malam ya faɗa, babba ya faɗa. In gaya maka gaskiya, har wani sanyi na ji a raina, don na gaji da ɗaukar tsoho sau biyar a yini, na gaji da idon mutane.

Kwana goma sha ɗaya muka yi a haka, kuma ba na fatan in sake ganin irinsu. Baba ya manta sunayen jikokinsa, ya manta Inna ta rasu, amma bai manta kiran salla ba. Da ladan ya ɗaga murya sai ya lalubo takalmansa ya riƙe a hannu, ya tsaya bakin zaure yana jijjiga ƙyaure. Cima ta shimfiɗa masa buzu a tsakar gida ta ce ya yi a nan, ya dube ta ya tambaya ina mutanen. Na tsaya kusa da shi don mu yi tare, ya ce shi ba zai tayar da salla ba sai an cika. A kwana na huɗu ya daina jijjiga ƙofar. A na shida ya daina karɓar fura. Ya koma ya kwanta fuska ga bango, takalman suna ƙarƙashin kansa. Na kai shi likita a Madawa, suka duba suka ce ba su ga wata sabuwar cuta ba, a dai lallashe shi ya ci.

Ka san Malam Mutari, wanda suka shekara ashirin da wani abu ba sa ga maciji da Baba saboda gawon nan na kan iyakar gona. Ka kuma san duk da haka kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa a sahun gaba ta dama tun kafin a haife ni, ba mai ce wa wani uffan bayan sallama. To, tun ranar da Baba ya daina zuwa, Malam Mutari ya ƙi yarda a cike gurbin Baba. Liman ya ce a haɗe sahu, kowa ya matsa, shi ya kafe. Wani saurayi ya shigo gurbin, ya sa gwiwar hannu ya mai da shi baya. Malam Mahfuzu ya yi masa nasiha cewa barin giɓi a sahu ba daidai ba ne, ya amsa cewa ya sani, amma wurin da mai shi, kuma mai shi bai mutu ba. Ina sahu na biyu ina kallon wannan fili salla bayan salla, ban san ko in ji haushi ko in yi kuka ba.

A kwana na goma sha ɗaya sai ga shi da sandarsa a ƙofar gidanmu, gidan da rabonsa da shi tun bikin aurena. Ko zama bai yi ba. Ya leƙa ya ga Baba kwance, ya juyo ya wanke ni tas. Ya ce mu 'ya'yan zamani mun iya tambayar malamai abin da zai sauƙaƙa mana. Na ce ai an ce ba a rubuta wa Baba komai yanzu. Ya ce wannan tsakanin Baba da Ubangijinsa ne, shi bai leƙa littafin kowa ba. Abin da ya sani, shi Mutari ana nan ana rubuta masa, ni ma ana rubuta mini, kuma bai shirya a tambaye shi yadda maƙwabcinsa na shekara arba'in ya mutu bayan ƙyaure yana jin kiran salla ba. Daga nan ya ce in ɗauko shi.

Ga yadda muka daidaita da liman, shi ma Allah Ya saka masa, bai ja da nisa ba. Azahar, La'asar da Magariba kawai. Baba yana can wajen ƙarshen sahu kusa da ƙofa, a kan buzunsa, da leda a ƙarƙashi. Ni ina hagunsa, Malam Mutari ya bar wurinsa na tun fil azal ya dawo damansa. In Baba ya soma magana sai tsohon ya matse masa kafaɗa, ya yi shiru. Ranar farko bayan La'asar, ana zaune a inuwar ƙofar masallaci, Baba ya ƙura wa Malam Mutari ido, can ya ce masa gawon nan dai nasa ne, shi Baba. Malam Mutari ya ce har gobe ba nasa ba ne, ya juya yana share ido da bakin rawani. Da muka koma gida Baba ya shanye fura rabin ƙwarya.

Yaya, kada ka tambaye ni ko ibada Baba yake yi ko ɗumin jama'a yake nema, ban sani ba. Ni kaina da nake da hankalina, shekara nawa ina zuwa masallaci don a gan ni, don a nan ake jin wa ya haihu, wa zai yi gayya, nawa buhu ya kai? Yanzu kuwa rabin sallata tana tafiya wajen sa ido a kan tsoho, wani lokaci ban san raka'a ta nawa muke ba sai na ji an zauna. Abin yana damuna. Na gaya wa Malam Mahfuzu, ya ce in ci gaba, Allah Ya san abin da ya shagaltar da ni. Na gaji ƙwarai, bayana ciwo, garka tana neman hannu, Cima ba ta ƙorafi amma ina ganin fuskarta. Duk da haka na saɓa maka, kuma ba zan sake rufe wannan ƙofa ba. In ka ga lallai sai an rufe, ka zo ka rufe da hannunka, ka zauna ka ga kwana na shida.

Abu ɗaya ya rage, na daɗe ina riƙe da shi. Ka san Baba bai taɓa kama sunanka ba tun da aka haife ka, saboda kunyar ɗan fari. Sai dai ya ce wancan, ko mutumin Abijan. To, yanzu kunyar ta tafi tare da sauran abubuwa, kuma ni ya manta da ni sarai. Yaƙubu yake kirana, safe da yamma. Da farko abin ya yi mini zafi, ni da ke wanke shi. Yanzu na saba, ina amsawa. Jiya muna dawowa daga Magariba ya riƙe hannuna ya ce Allah Ya yi wa Yaƙubu albarka, da ba ya barin ubansa a baya. Na ce amin. A wurinsa kai ne kake kai shi masallaci kullum, don haka ka yi tunani kafin ka aiko da amsa.

Ka gaishe mini da matarka Rahama da kyau, da yara Fiddausiya da Gali, ka ce su dage da karatu. Cima da Dije suna gaishe ku. Malam Mutari ya ce in gaishe ka, ya kuma ce in tambaye ka ko ka manta hanyar Galma ne. Allah Ya sada mu da alheri, Ya sa ka tarar da Baba da rai.

Ni ne ƙaninka,
Illa.