Miyar Juma'a

Assalamu alaikum, Malam,

Bayan gaisuwa da fatan Allah Ya yalwata maka makwanci. Na san takardar nan ba za ta same ka ba. Babu motar da ke zuwa inda kake, kuma ko da ranka ma ba ka damu da rubutuna ba, cewa kake yi kamar kaza ta taka tawada. To gobe zan fita takaba, kuma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya wata huɗu da kwana tara, ta ƙi wucewa ta ƙi fitowa. Gara in sauke ta a nan.

Bari in fara da labarin gida, kada ka ce daga sallama sai kuka. An saki ruwan noman rani a kanal, ƙanenka ya dasa tumatir a gonarka ta bakin hanyar Bunkure. Shinkafar da ka bari an kai ta inji a Kura, ba ta yi auki kamar bara ba. Tanderuna ya tsage ta gefe, na liƙe shi da laka, yana dai gashi. 'Yarmu Ummi ta fara gasa gurasa da kanta, tana ƙona gefe ɗaya kamar yadda uwarta ta yi a farko. Zogalen bayan ɗaki kuwa ya yi ganye har ya gaji, tunda babban mai cinsa ya tafi.

Har yau ba a ɗora nama a gidan nan ba. Kada ka ɗauka kirki ne ya yi mini yawa. Hannu ne ya saba.

Ka tuna ranar da ka ture kwano? Shekara tara ke nan, a makon da aka yi rasuwa a gidan amininka Malam Tanko, lokacin da 'yarsa Safiya, abokiyar wasan Ummi, ta tafi. Na kawo maka tuwo da miyar kuɓewa da tsoka biyu a sama. Ka dubi kwanon ka ce daga yau ka bar nama, ka bar nono da man shanu da ƙwai, da duk abin da ya fito daga jikin dabba. Na yi dariya, na zaci da mahauci kuka yi faɗa. Da na tambaye ka dalili sai ka ce a bar kaza cikin gashinta. Na ce ai dole a bar ta, tunda ka daina cin ta.

Na ji haushinka ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Wata uku ina ɗora tukunya biyu, ina buga murfi da ƙarfi don ka ji. Da itace ya ishe ni sai na koma ɗaya, duk gidan muka bi ka. A kanka na ƙware a ɗanwake da man gyaɗa, da kwaɗon zogale da rama, da dambu, da alalar da ba ƙwai. Na koyi yin awara, na koyi dama maka fura da madarar waken soya, wadda ka sha ranar farko fuskarka kamar an ba ka maɗaci, amma ka ce ta yi. Ko dunƙulen miya in ka ga hoton zakara a takardarsa sai ka ce a mayar wa mai shago. Daddawa ta zama sarauniyar gidanmu.

Kek ɗin sallah ne ya fi ba ni wuya. Wa ya taɓa jin kek ba ƙwai ba bota? Na farko da na gasa a tukunyar yashi ya fito kamar bulo, ka ce in ajiye maka shi za ka tare ruwa da shi a gona. Sai da na ɓata fulawa mai yawa kafin in gane nunanniyar ayaba tana riƙe ƙulli, man gyaɗa kuma yana ba shi laushi in ba a cika wuta ba. Daga baya matan unguwa har aikowa suke yi in gasa musu na suna.

A cikin gida abin da sauƙi. A waje ne ka sha wuya, ni ma na sha. A garin nan mutum ya yanka ragon suna, ya sa maka cinya a gaba, ka ce masa ka ƙoshi? Zagi ne, ko ba ka buɗe baki ba. A ɗaurin aure sai a ga kana tambayar da me aka yi miya, kamar mai neman guba. In aka ajiye tire maza suka kewaye, kai sai ka zaro ƙuli-ƙuli da dabino daga aljihu. Liman ya taɓa tsayar da kai ya ce ba a haramta abin da Allah Ya halatta, ka ce masa ba ka haramta wa kowa ba, kai dai ka bari ne. Da layya kana sayen rago, ka ba wani ya yanka, ka tafi gona ba ka dawowa sai an wanke jinin tsakar gida.

Sai shekarar da tsutsa ta cinye tumatirin kowa, naka ya tsira. Daga nan bakin mutane ya buɗe. Ga mutum ba ya cin nama, ga gonarsa tana yi ta kowa ba ta yi, me ya rage? Aka ce wurin boka ka je, ya haɗa maka asirin noma, sharaɗinsa kada nama ya shiga bakinka. Wasu mata suka daina aiko sayen gurasa. Ummi ta dawo daga islamiyya tana kuka an kira ta 'yar mai tsafi. Na kawo maka ƙara, ka yi shiru. Shirun nan naka, Malam, ya fi duka ciwo.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Yaya Asabe, babbar yayarka, ta zo ta same ni ina tankaɗe. Ta ce ta tambayi masu sani, sun ce irin wannan asiri yana karyewa in mai shi ya taka sharaɗin ba da saninsa ba. Ta ce ba gona take ji ba, lahirarka take ji, kada ƙaninta ya mutu da shirka a wuya. Ta yi kuka, ni ma na yi. Kuma na yarda. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Ni da nake zuba maka ruwan alwala kullum, ni da na san ba ka taɓa barin sahu ya wuce ka ba, na yarda cewa mijina matsafi ne, don kawai ya ƙi gaya mini dalilinsa.

Duk Juma'a in ka tafi masallaci, Yaya Asabe takan kawo ƙashin saniya a ƙarƙashin mayafi. In dafa shi, in tace romon da farin ƙyalle don kada ko zare ɗaya na tsoka ya wuce, in juye a miyar kuka, in danne ƙamshin da daddawa da citta. Ƙashin kuma in jefa wa karnuka ta bayan katanga. Shekara biyu ina yi. Kai kuwa ka dawo daga masallaci ka wanke hannu, ka ce miyar Juma'a daban take, albarkar ranar ce ke sauka a tukunya. Har ƙari kake nema. Ni ina tsaye a bakin ƙofa ina cewa a zuciyata, sha, Allah Ya raba ka da asirin nan.

Ban daina ba sai da ƙafafunka suka fara kumbura. A asibiti a Kano suka ce ƙoda ce, suka yi ta tambayarka shekara nawa kana feshin maganin ƙwari a gona ba ka rufe hanci da hannu. A gari kuwa kowa ya zama likita. Wasu suka ce rashin nama ne ya busar maka da jini, wasu suka ce asirin ne ya juyo kanka. Yaya Asabe ta ɗauki na biyun. Har yau gani take yi ni da ita muka kashe ka, in ta shigo gaisuwa ba ta iya duban idona.

Ka tuna ranar da aka gama maka wankin ƙoda na ƙarshe, bayan la'asar, na zauna ina ɓare maka lemo? A nan ka buɗe abin da ka rufe shekara tara. Ka ce wata rana a wancan lokacin ka gama feshin tumatir, ka wanke famfon ka zubar da ragowar maganin a 'yar kwatar da ke ƙarshen gona, ruwanta a tsaye don an rufe kanal. Can sai ga makiyayi da garkensa. Shanu uku suka sha suka faɗi suna kumfa. Wani mahauci baƙo ya zo da sauri ya yanka kafin rai ya fita, aka kasa naman kashi-kashi a bakin hanya da araha. Kana tsaye kana gani. Tsoron sandar makiyayi da tsoron shari'a suka ɗaure maka harshe.

Sai na tuna. Ranar nan ka shigo gida da rana tsaka, gumi ya jiƙa maka riga, ka ce kada in kuskura in sayi naman arahar da ake tallansa. Na yi ta mita har yamma, na ce rowa ce. Gidanka ka gargaɗa, Malam. Tsakaninmu da gidan Malam Tanko katanga ɗaya ce. Me ya hana ka leƙa? Taku nawa ne?

Malam Tanko ya saya wa iyalinsa naman. Gidaje da yawa sun kwana da ciwon ciki a makon, manya suka tashi. Safiya ba ta tashi ba. Aka ce amai da gudawa ne na yanayi. Ka ce Allah kaɗai Ya san abin da ya kashe ta, amma kai ka karɓe ta a cikin kabari, kuma tun daga ranar in ka ga nama ita kake gani. Ka ce sau da yawa ka isa ƙofar Malam Tanko da maganar a bakinka, ka ɓuge da tambayarsa farashin taki. Sannan ka ɗora mini amana: in ka tafi, in je in gaya masa shi da matarsa, in nema maka yafiya.

Da ka tsaya a nan da na iya ɗauka. Amma sai ka kama hannuna ka gode mini. Ka ce ka san barin nama ba ya dawo da 'yar kowa, ba kuma ya wanke ka, amma shi ne ɗan abin da ka iya riƙewa, kuma ka riƙe shi shekara tara ko ɗigo bai shiga bakinka ba, albarkacina. Ka ce ba kowace mace za ta yi ba. Me na ce maka? Na ce ka sha ruwa. Na gyara maka matashi. Kwana uku na sake samu ina zaune a gefenka, bakina bai buɗe ba.

Tun ranar nake tambayar kaina. Mutumin da ya shekara bakwai bai ɗanɗana nama ba, harshensa zai kasa gane romo? Ko ka gane tun cokalin farko ka yi shiru, kamar yadda ka saba? Ko godiyar nan ƙofa ce ka buɗe mini in shiga in faɗi gaskiya, ni kuma na tsaya a waje? In ba ka sani ba, ka tafi da abin da kake zato cikakke ne alhali na huda shi duk mako. In ka sani, ka shekara biyu kana haɗiyar abin da ke tuna maka da yarinyar nan don kada ka kunyata ni. Ban san wanne ya fi muni ba.

Malam Tanko ne ya yi maka wanka. Da wasu suka ja baya a wurin sallar gawa suna ƙus-ƙus, an gaya mini shi ya juyo ya rantse da Allah cewa ya san ka tun kuna yara, ba ka taɓa zuwa ƙofar boka ba. Saboda shi sahu ya cika. Duk kwanakin takabar nan matarsa ce ke ɗebo mini ruwa. Wannan gidan zan shiga gobe.

Na auna abin ta kowace fuska. In na yi shiru, za ka zauna a bakin mutane a matsayin matsafi. In na faɗa, na cire maka wannan suna na sa maka wani, kuma Ummi ce za ta yi yawo da shi a garin nan. Zuciyata ta sha ce mini in binne maganar tare da kai, wa ya sani? To ni na sani. Na ci amanarka sau ɗaya kana raye, a cikin kwanonka. Ba zan ƙara ta biyu kana kwance ba.

Na kwaɓa ƙullin gurasa na rufe, da safe zan gasa in tafi musu da ita. Ban san ko za su karɓa ba. In Malam Tanko ya yafe, zan zo in faɗa maka a addu'a. In ya ƙi, ba zan ga laifinsa ba, zan dawo in ci gaba da roƙa maka wurin Wanda ya fi shi yafiya. Gobe Juma'a ce. In na dawo zan kaɗa miyar kuka, daddawa da gishiri da man gyaɗa kawai, irin wadda ka ɗauka kana sha.

Kai ka yi dabara, Malam, ka bar wanda zai je ya nema maka gafara. Ni wa zan aika wurinka?

Allah Ya jiƙan ka, Ya jiƙan Safiya. Sai na zo.

Matarka,
Rabi