Motar Surukina Ba Ta Tafiya Sai da Baya

Zuwa ga Shugaban Makanikan Garejin Bayan Tasha, Gusau.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk masu cin abinci a ƙarƙashin inuwarka. Sunana Lawwali, tela ne ni a layin masu yadi cikin kasuwa. Na san ni ba baƙo ba ne a wurinka, tunda hoton motar da zan yi magana a kanta yana cikin wayarka, kamar yadda yake cikin wayar kowane bakanike daga Tsafe har Bungudu. Na zo rumfarka ƙafa da ƙafa, aka ce ka tafi ɗaurin aure. Na koma, aka ce ka tafi jana'iza. Da na sake komawa, da idona na hango hularka tana shigewa bayan wata tirela. Shi ya sa na ce bari in rubuto a fili, kowa ya zama shaida.

Motar nan ba tawa ba ce. Da tawa ce, da tuni na kwance tayoyin na bar wa kaji su yi ƙwai a ciki. Ta surukina ce, mahaifin mai ɗakina, dattijon manomi a Rawayya, wanda ba zan kama sunansa a takarda ba kamar yadda ban taɓa kama shi da baki ba. Tun ranar da ya ba ni 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na je gaishe shi, ƙafarsa nake gaisarwa, har na fi sanin takalmansa a kan fuskarsa. Da zai tafi Umara, sai ya tsallake 'ya'yansa maza, ya kawo motar ƙofar gidana, ya miƙo mini makulli ya ce, "Lawwali, kai ad da natsuwa. Ka riƙa tada ta da sahe ta sha wuta, shi ke nan." Aikin da aka ba ni ke nan, in tayar, in kashe.

Tsohuwar mota ce ruwan toka, mai giya otomatik. 'Yan gida suna ce mata Gwaggo, don ba ta yin komai sai ta yi mita. In za ta canza giya sai ta yi shiru kamar mai tuna wani tsohon ɓacin rai, can kuma sai ta fizge ka gum, hula ta sauko maka kan hanci. Alhaji, wato surukin nawa, ya saba da ita. Da ya ji ta yi shirun nan sai ya ɗaga ƙafa daga totur ya yi bisimilla, ta fizga, su ci gaba da tafiya. Ni kuwa ranar da na ɗan zagaya unguwa da ita, sai raina ya ɓaci. Na ce yaya za a yi dattijo ya dawo daga Ɗakin Allah, mota tana wasa da wuyansa a kan hanya? Na ƙudurta ya dawo ya tarar da ita tana tafiya lumui, ya sa mini albarka a gaban 'ya'yansa. Allah ya ga zuciyata, alheri na nufa.

Ƙorafina na farko a kan Malam Bala ne, mai gyaran giya a garejinku, don ban fara da hannuna ba, gare shi na fara kai ta. Ya zaro ma'aunin man giya, ya murza man a yatsa, baƙi ƙirin, ya shinshina, ya mayar, ya rufe bonet. Abin da ya ce kawai shi ne, "Bar ta hakanan." Na tambayi dalili, ya ce in ina son magana in dawo gobe. Ranka ya daɗe, ni tela ne. Goben nan mu muke sayar da ita a kasuwa, na san ba ta da rana a mako. An ce wanzami ba ya son jarfa, kuma gaskiya ne, na ji zafi. Cikin zafin ne na faɗi maganar da aka kawo maka, cewa kanikanci ai ɗinki ne da baƙin hannu, wanda ya iya kwance kan keken ɗinki zai iya kwance giya. Na faɗa, ban musa ba. Amma da Malam Bala ya ƙara mini jimla ɗaya tak a kan "bar ta", da yau ba a kai ga takarda ba. Wane irin sani ne wannan da ake ƙulle shi a ciki kamar maganin gado?

Abin da na yi bayan nan, kowane tela mai hankali shi zai yi. Keken ɗinki in ya fara tsallake zare yana tauri, ba a kai shi asibiti. Goge tsohon mai ake yi, a wanke da kananzir, a ɗiga sabo. Na kuma duba wani bidiyo a waya, wani mutumin ƙasar waje a gareji mai tsabta kamar ɗakin amarya, yana ta bayani da harshensu. Ban ji abin da yake cewa ba, amma hannunsa ai ba ya bukatar tafinta. Wata ranar Asabar da hantsi na ari jak da sifana, na shimfiɗa buhu na shiga ƙarƙashin Gwaggo. Na kwance farantin ƙasan giya, baƙin mai ya tsiyaye cikin roba, rabi kuma a hannun rigata. Na wanke faranti da matacin mai da duk inda buroshi ya kai, tas, har suna ƙyalli. Na ɗaure, na zuba sabon mai ja jawur mai ƙamshi.

Kuma ina so a rubuta wannan a san da shi: fizgar ta daina. Na tayar da ita, na sa giyar gaba, na taka totur, inji ya yi ta kuka, ko gezau. Babu fizga, babu mita, babu tafiya. Da na mayar da ita ribas kuwa, sai ta zabura da lafiyarta kamar budurwa, saura ƙiris in shiga zauren maƙwabcina. Tun daga ranar Gwaggo ba ta san gaba ba.

Na biyu, yadda aka karɓe ni a garejinku bai dace da musulmi ba. Da baya na tuƙo ta tun daga unguwarmu, wuyana a murɗe, 'yan kabu-kabu suna rakiya suna danna hon, wani yana tambayata ko mantuwa na yi a jiya zan koma in ɗauko. Na iso cikin wannan hali, maimakon a ce mini sannu, sai kowa ya ajiye sifana ya ɗauko waya. Malam Bala ya leƙa ƙasa ya ga farantin yana sheƙi, ya ce, "Wa yat taɓa wagga giya?" alhali ya san amsa. Nan aka shaida mini umarninka, wai tunda na ce kanikanci ɗinki ne, kada wanda ya sa mata hannu, a bar tela ya ɗinke ta.

Na uku, umarnin bai tsaya a Gusau ba. An kwatanta mini wani dattijon bakanike a Tsafe, aka ce in giya ta gagare shi sai dai a sayar da mota a kilo. Na shiga motar haya na same shi. Kafin in gama sallama ya ciro waya ya dubi hoto, ya dube ni, ya ce, "Kai na telan?" Shi dai Allah ya saka masa, ya ba ni wuri na zauna, kuma shi ne mutum na farko da ya yi mini bayani. Ya ce faya-fayan kulocin da ke cikin giyar sun cinye tun da daɗewa, garinsu ya narke a cikin tsohon man, wannan kaurin da dattin su ne suke sa faya-fayan su kama juna. Wato dattin da na wanke shi ne ƙarfin motar. Ya ce hanya biyu ce, ko a sauke giya a sa sabbin faya-fayai, wanda ba zai yi ba sai da izininka, ko kuwa in mayar mata da tsohon manta, wataƙila ta lallaɓa.

Na dawo Gusau da saurina, ina murna. Sai a ƙofar gida na tuna. Ranar da na tsiyaye man, maƙwabcina Malam Sani ya roƙe ni in ba shi, don gara ta dame shi, ni kuma na ba shi har ina jin na yi sadaka. Na shiga gidansa na tarar ya shafe ginshiƙan rumfarsa da azarar ɗakin awaki kaf, ko ɗigo bai rage ba. Yana ta yi mini godiya, wai tunda yake bai taɓa ganin mai irin wannan ba, gara ko kusa ba ta zuwa. To, ka ji inda ƙarfin motar surukina yake a yau, yana jikin rumfar Malam Sani.

Bungudu kuwa ban ma kai ga buɗe baki ba. Bakaniken da aka tura ni wurinsa ashe abokin babban ɗan Alhaji ne, tare suke shan shayi. Ina hango su na ja hula na wuce kamar mai neman wani gida. Waɗannan 'ya'yan tun ranar da aka tsallake su aka ba ni makulli suke jiran irin wannan rana. Mai ɗakina ma ta ce babu bakinta, sai dai kullum in ta kawo mini abinci ta tambaye ni ko Injiniya zai ƙara miya.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne wayar da Alhaji ya bugo daga Makka. Bayan gaisuwa ya tambayi Gwaggo. Na ce, Baba, yanzu ko fizga ɗaya ba ta yi. Ban yi ƙarya ba. Ya yi hamdala, sannan ya ce, "Na mance ban hwaɗa maka ba, kak ka bari kowa shi taɓa mata man giya. Wanga baƙin mai tare munka tsuhwa." Kafin ya kashe ya ce ya ambaci sunana a ɗawafi, ya roƙa mini Allah ya ƙara mini riƙon amana. Wallahi, ranka ya daɗe, da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na zauna a kan keke na kasa zura zare a allura.

Ranar Juma'a mai zuwa motar 'yan Umara za ta sauke su a Gusau, kuma ya ce ni zan ɗauke shi a Gwaggo in kai shi Rawayya, inda jama'a za su taru tarbarsa. Saboda haka ga roƙona. Ka janye umarninka, ka ba Malam Bala ko dattijon Tsafe izini su sauke giyar nan. Ba na neman ta dawo lumui, na haƙura da wannan. A dawo mata da fizgarta ma na gode. Sannan ka hori mutanenka, in sun ce wa mutum ya bar abu, su gaya masa dalili, don ba kowa ne aka haifa a ƙarƙashin mota ba. Hoton nan kuma a goge shi, musamman wanda aka ɗauka ina leƙe ta taga bakina a buɗe.

Ni ma ga nawa. Na janye maganata a gaban duk wanda ya karanta wannan takarda: kanikanci ba ɗinki ba ne. Kuma babbar rigarka da aka kawo shagona, wadda wasu suka ba ni shawara in riƙe ta sai ka ji yadda gobe take, na gama ta, na goge, tana rataye. Ban taɓa gama wa wani mahaluki ɗinki kafin ranar alkawari ba sai kai. Ka aiko a karɓa, ko ka janye umarni ko ba ka janye ba.

In kuwa ka ƙi, ba ni da yadda zan yi, zan je tarbarsa da baya. Dariyar tasha ba ta dame ni ba, na riga na sha ta. Nisan hanya ma zan jure. Abin da nake so ka duba shi ne, Alhaji in ana tuƙa shi a kujerar baya yake zama, mai tafiya da ribas kuwa dole ya juya fuskarsa baya. Ni da ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba, zan tafi ina kallon ƙwayar idonsa, yana kallon tawa, tun daga Gusau har Rawayya. Kai ma kana da suruki.

Allah ya ƙara maka girma da lafiya, ya tsare hannun mutanenka daga tsautsayi, ya raba ka da ajiyar da za ta fi ƙarfinka. Allah ya sa ka karanta wannan kafin Juma'a.

Wassalam.

Naka,
Lawwali Tela, Gusau.