Zuwa ga Baban Ummi, Mai Gurmi a Sabha

Assalamu alaikum, Baban Ummi.

Ina gaishe ka, da fatan Allah Ya haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kabarinka ban sani ba, an dai ce mini yana bayan garin Sabha, can Libiya. Amma wa zan faɗa wa in ba kai ba?

Lawal na Tudun Jukun, wanda kuke aikin gini tare, ya dawo makon jiya da jakarka da gurminka. Shi ya ba mu labarin yadda bango ya rufto maka. Ya ce ba ka sha wahala ba. Bai iya kallon idona ba da yake faɗa, ni kuma ban matsa masa ba.

Ashe kuka da daddawa da yajin da nake aika maka ta hannun direbobi ba kai kaɗai kake ci ba. Ya ce duk Juma'a kakan tuƙa tuwo, 'yan gida su zagaye tukunya, in an ƙoshi ka ɗauko gurmi. Kana kiran unguwannin Zariya cikin waƙa, Hanwa, Kwangila, Tudun Wada, duk wanda aka ambaci tasu sai ya amsa. Har da wani dattijo da ya shekara ashirin bai taka gida ba, wai da ya ji ƙanshin daddawa sai ya zo ya zauna, ba ya tashi sai ka gama kiɗa.

Shekara uku, me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba? Ai na san dalili. Ni ce na ce ka ajiye gurmin, ranar da yayyena suka kira ka maroƙi a bikin ƙanwata. Na ce ka nemi sana'ar da 'yarka za ta faɗa ba tare da kunya ba. Bayan wata biyu ka tafi. Na ɗauka ka sayar da shi. Wallahi ina son kiɗanka, a bakin murhu nake rera waƙoƙinka in ba kowa. Bakin mutane na ji tsoro.

Labarin gida ba daɗi. Idon Inna mahaifiyarka ya ƙara dushewa, kullum sai ta tambaya ko an yi maka sutura yadda ya kamata. Ɗakin baya na yoyo. Saura kwana tara in fita takaba, yayyena har sun fara maganar in koma gida.

Jiya Lawal ya kunna mana muryarka a wayarsa. Ummi ta tambaye ni wane ne wannan. Inna ce ta gaya mata. A ƙarshen waƙar ka yi dariya, mutane suna tafi. Ban taɓa jin ka yi dariya irin wannan a gidan nan ba.

Ka yafe mini. Allah Ya jiƙanka, Ya sada mu a Aljanna.

Matarka,
Maman Ummi
Tudun Wada, Zariya