Fita Ki Rufe Ƙofa

Zuwa ga Yaya Zebo, Dushanbe.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Na ba direban motar garinmu wannan takarda da ɗan busasshen tuffa, domin tun rasuwar ƙanwarki Sabohat ba na son taɓa waya.

Roƙo nake yi. Darussan lissafin nan da ta ɗauka a bidiyo, kuka ɗora a shafinku na intanet, ki sa a sauke su daga shafin, a daina nuna su. Kin san gidan da aka yi rashi ba ya kunna talabijin sai an yi arba'in. Namu mun lulluɓe shi da mayafi. Amma shekaranjiya ina kora tumaki ta bayan makaranta, sai na jiyo muryar matata ta taga, tana dariya tana cewa, "To, wa zai gaya mini?" Inna mahaifiyata kuwa kullum cewa take, "Wace irin mamaciya ce wannan da ba za a bari ta kwanta ba?"

'Yarmu Shukrona tana aji biyu. Kowace safiya a gabanta ake kunna uwarta, ga shi tun ranar jana'iza ba ta ce wa kowa uffan ba a gida.

Ki huta lafiya.
Naki, Dawlatyar.

*

Baban Shukrona,

Wa'alaikumus salam. Tuffa ya iso, na gode, ko da yake rabinsa direbanku ya ɗanɗana mini a hanya.

Ka ce in sauke. Kai, sauƙin faɗi gare shi! Malamin lissafi nawa ya rage a kwarinku na Rasht? Duk sun tafi Rasha leburanci. In dusar ƙanƙara ta toshe hanya, muryar nan ita ce malamar ƙauyuka da yawa. Kai ka fi ni sanin yadda ta yi su: waya jingine da butar shayi, ciwo yana cin ta, tana shafa hoda kada yara su gane. Ka gaya wa Inna, da girmamawa, Sabohat ba ta hana kowa barci ba, aiki take yi.

Ni ma ina kuka, kada ka ɗauka dutse ce ni. Amma kai ne mijinta. In ka sake cewa in sauke, zan sauke. Abu ɗaya: kafin ka yanke, je ka zauna a ajin nan ka ga 'yarka da idonka.

Ka shafa mini kanta.
Zebo.

*

Zuwa ga Yaya Zebo.

Gaisuwa da fatan alheri. Na bi maganarki, na je na zauna a bencin baya, gwiwoyina har ƙirji.

Kin san yadda take koyarwa. Ta yi tambaya, ta yi shiru tana kallon yara kamar tana jiransu, sannan ta ce, "Madalla, haka ne!" Ran nan ta ce, "Bakwai a tara da biyar?" Yara suka ɗauka gaba ɗaya, sha biyu. Sai na ji wata 'yar murya ta ɗaga sama da tasu: "Ashirin!" Shukrona ce. Ashe 'yata tana magana! Uwar ta yi murmushi a allon talabijin ta ce, "Madalla, haka ne!"

A hanyar gida na ce, "Uwata, ashirin kuma? Ke da kike ƙirga tumakina ba kuskure?"

Ta ce, "Na sani, Baba. Kullum da gangan nake faɗa."

"Don me?"

"Don ta yi mini faɗa. Da, in na yi kuskure kunnena take ja. Yanzu kome na ce, madalla." Sai ta ce, "Ba ta ji na ko, Baba?"

Na tsuguna a bakin rafi kamar mai gyara takalmi, don kada ta ga fuskata. Yaya, baƙin cikin nan ya fi ƙarfina. Ki sauke su.

Naki, Dawlatyar.

*

Baban Shukrona,

Gaisuwa. Na karanta takardarka a ofis, sai da na shiga banɗaki na wanke fuska.

Ban sauke ba tukuna, ka yi mini afuwa. Na koma cikin bidiyon da Sabohat ta turo mana tun asali, kafin masu tacewa su yanke abin da ba darasi ba. Akwai wani ɗan guntu da suka zubar. Na sa maka shi a tsohuwar wayata, tana cikin ƙunshin shayin nan. An riga an yi arba'in, Inna ba ta da ta cewa. Ka ba yarinyar. In bayan nan ka ce in sauke, ranar zan sauke.

Yayarku, Zebo.

*

Yaya Zebo,

Assalamu alaikum. Saƙo ya iso. Ki bar darussan a inda suke.

Shukrona ta kunna. Sabohat tana tsakiyar bayani sai aka ji ƙarar ƙofa, ta juyo, ta haɗe rai ta ce, "Shukrona! Ba na ce miki ina aiki ba? Fita ki rufe ƙofa!"

Yarinyar ta ajiye wayar a kan matashi, ta tashi ta fita, ta ja ƙofa a hankali. Can ta leƙo, ta ce, "Baba, ka ji? Da ni take."

Ta dawo ta sake kunnawa, ta sake fita. Tun hantsi abin da take yi ke nan, ni kuwa na kasa hana ta.

Allah Ya jiƙan Sabohat. Ki gai da yara.
Dawlatyar.