Kaza Ta Taka, Idirisu Bai Taka Ba

Birni, Damagaram
Sha'aban 1405

Zuwa ga ƙanena Alkasum,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya buɗa maka binciken da kake yi, Ya tsare ka daga sanyin Faransa da Inna ke ta tausaya maka a kai. Mu nan lafiya lau, sai farin da ka sani. Rumbu wayam, mutanen ƙauye sun cika gari. Tarin Inna ya sauka, Shatu kuma ta haihu mace, an sa mata Balki.

Godiya na rubuto in yi maka, ka kuwa san ba halina ba ne gode wa yaron da na goya. Amsarka a kan maganar Baba ta iso. Ka tuna Idirisu, manomin Dakusa da ya faɗa rijiya wajen yasa, ƙwaurinsa ya karye. Baba ya yi masa ɗori yadda muka gada: ya karya ƙafar kaza, ya ɗora ta tare da ta mutumin rana ɗaya, a kan ran da kaza ta taka a kwance wa mutum kara. Shekara arba'in wannan ma'auni bai taɓa ba shi kunya ba. Kaza ta taka, aka kwance Idirisu, yana miƙewa ƙashi ya goce. Shi ne na uku a bana. Gari ya ɗauka cewa albarka ta bar hannun Baba, abin da ya fi ciwo kuma shi ma ya yarda. Ya naɗe kayan ɗorinsa ya jefa rumbu, ya ce ba zai ƙara lalata ƙafar ɗan mutane ba. Ga Idirisu kwance a zaurenmu, 'ya'ya shida, damina na tafe.

Sau biyu na karanta wa Baba takardarka. Da na zo inda ka ce ƙashi ma da abinci yake gina kansa, jikin da ke rayuwa kan 'ya'yan anza na daji da ruwan kunu yana iya ninka kwanakin warkewa, kaza kuwa ba ta san ana fari ba tunda gara da ƙwari ba su ƙare ba, sai ya ce in dakata. Ya tashi ya fita tsakar gida, ya tsaya yana kallon kazar nan tana tono a gindin katanga, ta yi ɓul-ɓul abinta. Ya yi dariya har da hawaye. Ya ce shi da ya san ƙashi tun yana yaro, bai taɓa lura cewa bana kaza ta fi mutum ƙoshi ba. Ni ma kuka na yi, don rabona da dariyarsa tun kaka.

Ranar ya sake ɗora ƙafar. Muka bi abin da ka ce: wake, ƙuli-ƙuli, zogale, da madarar garin da ake ba mu a lekol, makarantar da nake aiki, wadda na riƙa kawo rabona. Kazar ma Inna ta sa aka yanka, Idirisu ya sha romo, ta ce ai ta gama shaidar zur. Sati goma Baba bai bari an taɓa karan ba. Juma'ar da ta wuce Idirisu ya taka har masallaci da sanda. Yana ɗan ɗingishi, amma zai riƙe hauya. Allah Ya yi maka albarka, Alkasum, ka mayar mana da mahaifinmu.

Baba, mutumin da ya ce ka tafi ƙasar Nasara neman abin da ke cikin gidanku, yanzu duk wanda ya shigo zaure sai ya ji cewa ɗansa na jami'a yana ɗora zomaye a labo, ɗakin bincike. Ya ce in tambaye ka ko kuna ciyar da su sosai, kada su ruɗe ku.

Saura magana ɗaya, ita ce mai nauyi. Cikin mutum biyun farko da ɗorinsu ya goce, ɗaya ya samu sauƙi, amma Zuliha ta Takieta hannunta ya kama a karkace, ko taɓarya ba ta iya ɗagawa. Baba ya hau kamyo, motar kaya, ya je har gidanta neman gafara. Ta ce ƙaddara ce, ya ce ƙaddara ce amma kuskuren nasa ne. Yana so ka tambayi malamanka ko ƙashin da ya kama a karkace wata shida yana gyaruwa, kuma a ina. Ya ce kada ka sassauta masa, ka faɗi gaskiya ko da babu daɗi, don ya yi mata alkawarin komawa da amsa.

Inna na gaishe ka, da Kawu Zakari, da Shatu da mijinta Mai Nasara. Idirisu ya ce kullum kana cikin addu'arsa. Ka gaida abokin zamanka Mutari. Don Allah kada ka yi nawar nan taka. Kullum na dawo daga lekol, kafin Baba ya amsa sallamata sai ya dubi hannuna ko da takarda.

Allah Ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Zainaba